Lamba Tara

Ƙarfe huɗu saura kwata, filin Gangare,
ruwan jiya bai gama tsanewa a bakin raga ba.
Na rataya usur, na buɗe takardar sunaye,
yara sun jeru, gwiwoyi duk jar ƙasa.

Gyang. Na'am.
Sagiru. Ga ni.
Nanpon ya ɗaga hannu, bakinsa cike da rake.
Lamba tara, Mudi Sallau,
sai wani ya amsa yana kallon takalminsa.

Na san Mudi Sallau.
Yana kwance a Dilimi, ƙafa cikin karan ɗori.
Wannan Nazifi ne, ɗan ƙanwata Hansatu.
Ni na yi masa huɗuba a kunne,
ni na riƙe ƙahon ragon sunansa
shekarar da ƙanƙara ta kashe mana dankali.
Sha bakwai ke nan, ko da yatsu aka ƙirga,
gasar kuwa ta 'yan ƙasa da sha biyar ce.
Ido ba mudu ba, amma ya san kima,
balle idon kawu.

Koci Ɗantala ya matso yana ƙamshin man zafi,
ya sa baki a kunnena:
"Rafali, naka ne fa.
Ka ga mai jar hular can? Daga Abuja ya zo neman yara.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na dubi ɗaya ragar.
Pam ne a ciki, shekara sha uku,
safar hannun ɗan acaɓa ta yi masa yawa.
Uwarsa kwandon tumatir biyu ta sayar a Farin Gada
kafin a ɗau hotonsa, a buga hatimi a fom ɗinsa.
Yana tsalle yana taɓa sandar sama,
bai san wanda zai buga masa ƙwallo
ya fara aske gemu ba.

Amma bari in faɗi nawa kafin na wani.
Tun Laraba na ga jadawali,
na san ƙungiyar unguwarmu ce,
na san kocin da ni tabarma ɗaya muke shan shayi.
Na yi gum,
don dubu biyar ɗin alawus
da kuɗin makarantar 'yata.
Ashe mu biyu ne yau a filin nan
muka shigo ba da gaskiyarmu ba.

Na ce, "Nazifi,"
da sunan da na raɗa masa da bakina,
"cire rigar."
Bai yi musu ba. Da ma ya yi.
Ya tuɓe ta a hankali, ya ninke,
sanyin Jos ya feso masa tsikar jiki.

Na rubuta a bayan takarda: ba shi da rajista.
Na ƙara a ƙasa: alƙali kawunsa ne.
Na tafi bakin layi wajen Kaneng mai tuta,
na cire usur daga wuyana, na goge da gefen riga,
na ce, "Hura. Yau ba ni da iska."

'Yan kallo suka ɗauka:
wasu "an saye shi", wasu "maci amanar gida".
Bawon lemo ya same ni a ƙeya.
Wasa ya tashi ɗaya da ɗaya,
mai jar hula bai ma kai hutun rabin lokaci ba.

Ran Asabar Hansatu kan aiko gwaten acca.
Wannan Asabar kwano bai zo ba.
Da asuba na buɗe ƙofa,
ga takalman da na saya masa a gwanjon Katako,
an wanke su tas, an ɗaure igiyoyin wuri guda.

Ban sani ba, maido mini aka yi
ko ajiya aka ba ni.
Na dai shigar da su kada raɓa ta jiƙa,
na aza a kan fom ɗin 'yan ƙasa da sha takwas
wanda har yanzu gurbin hotonsa fari ne.