Saura Sai Baɗi

Faranti huɗu baƙaƙe na hau da su soro,
kuɗin da Nomau ya aiko daga Abijan.
Na jera su suna kallon sama
kamar ƙoren da aka fitar don tarar ruwa.
Ranar Tawa, wadda ta gasa ubana a gona,
yau ita ke juya mini keken ɗinki.
In kuran ya tafi, Garkawa ta makance,
shagona kaɗai ke da ido.

Sai aka ce in kai takarduna biron lanho,
wai wanda ya kama rana ana yi masa rangwame.
Na sa rigar Juma'a ran Talata.
Na rataya jaka, babba,
kada ku tambaye ni dalili.

Malama Zulai, tabarau a ƙarshen hanci,
ta lashi yatsa, ta juya shafi.
"Rangwamenka jika casa'in, Malam Arzika.
Lanhonka na bana talatin da biyar.
Ya mutu. Ko dala ba za ka biya ba."
Na ce madalla.
Na gyara bakin jaka.
Fanka tana juyi, ƙuda ya sauka, ya tashi.
"To, hamsin da biyar fa?"
"Suna nan."
"Ina?"
Ta ɗora bakin alƙalami kan wani ɗan ɗaki a takarda,
ɗakin da bai kai ƙwayar wake ba.
"Nan za su kwana har baɗi.
Wannan kuɗi ba ya ƙetare ƙofa,
bashi kawai yake ci.
Ranar da gwamnati ba ta bin ka, azumi yake."

Na fito da jakata tana lilo, ba nauyi.
A hanya na tuna Illo mai tebur,
wanda bai taɓa samun canji ba tun da na san shi.
"Kana bi na goma," in ji shi, "gobe ka ɗauki sukari."
Sukarin ina ɗauka.
Goman ba ta taɓa sanin tafin hannuna ba.
Ashe gwamnati ma mai tebur ce,
teburinta ne dai ya fi faɗi.

Hajo tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba.
"Sun ba ka?"
"Sun ba ni."
"Suna sayen hatsi?"
Na yi shiru.
"Suna sayen takalmin lakol na Rabi'a?"
Na ce suna hana a karɓa.
Ta ce, "Laya ke nan, ba kuɗi ba,"
ta ci gaba da tankaɗenta.

Abin dariya:
shekara talatin ina roƙon lanho ya ɓace hanyar shagona,
yau ga ni ina fatan ya yi ƙiba,
ɗinkin salla ya yi yawa, su bi ni da yawa,
don in cinye rabona kafin ya tsufa a takarda.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne.
Ta ce baɗi, ba ta ce in sha Allah ba.
Talatin da biyar baɗi,
ashirin baɗin waccan.
Shekaruna sittin da uku.
Sau uku nake gwadawa kafin zare ya sami kafar allura.
Takardar ta yi mini alkawarin damina biyu
da ba ta da ikon bayarwa.

Na ninke ta huɗu,
na sa a gwangwanin maɓallai, ƙarƙashin almakashi.

Magariba ta yi. Farantai sun huce.
Na taɓa makunni, ƙwai ya kama.
Wannan haske ma ragowa ne,
abin da azahar ta kawo, keke bai cinye ba,
batir ya riƙe shi shiru a lungu.
Ba ya zuba a aljihu.
Duhu kawai yake biya.
Na jawo kujera, na lashi bakin zare,
akwai wuyan riga da bai ƙare ba.