Takarda Ta Ce Lafiyata Lau

Kafin ladanin Mabera ya buɗe baki
jikina ya riga shi kira.
Tun isha'i na kwanta, na farka
kamar damin da aka sussuka a turmi:
ƙeya, kafaɗa, ƙugu, bayan gwiwa,
kowanne da nasa kukan.

Butar alwala ta fi ƙarfin hannuna,
hannun da ya shekara sha biyu yana juya keken ɗinki,
ya fitar da rabin unguwa kunyar salla.
Yau maɓalli ɗaya ya gagare shi.
In ɗiyata Ige ta rungume ni
sai na cije leɓe.

Sau huɗu aka ɗebi jinina a asibitin koyarwa,
aka ɗauki hoton ƙashi.
Takarda ta fito fes, ta ce lafiyata lau.
Na riƙe ta a bayan kabu-kabu ina hawaye,
don na so ta ce wani abu.

Inna Tumba ta ce, "Mi as same ki? Ga ki garau!"
Aka ce sanyi ne, aka ce sammu,
aka yi hayaƙi har idona ya yi ja.
Maganin taifot, kwali uku na shanye.
Duk ban ji ciwonsu ba
kamar ranar da aka ce raki ne.

Sai wata likita ta ajiye biro.
Ta tambayi barcina,
ta tambayi yadda nake tsayawa tsakar kasuwa
na manta abin da ya kawo ni.
Ta ce, "Yana da suna: faibiromayaljiya.
Jijiyoyi ne ke ƙara wa zafi murya
kamar lasifikar da aka ƙure.
Ba ya nunawa a jini.
Ba ƙarya kike ba."

Sunan ya yi wa harshena tsawo,
amma na ƙulle shi a bakin zane
na kai gida kamar tsaraba.

Bai tafi ba. Lallaɓa juna muke:
ruwan ɗumi, magani,
'yar tafiya in ranar Sakkwato ta sassauta,
riga ɗaya a yini, in ya yarda.

In kun gan ni a biki na sha lalle ina dariya,
kada ku ce ai ta warke.
Gobe a kan tabarma zan biya kuɗin dariyar.
In kuma kun ce mini, "Ya jiki?"
kada ku riga ni cewa da sauƙi.
Ku ɗan tsaya.