Jakar Baba Barau

Ni dai jaka aka ba ni in riƙe,
baƙa, zif ɗinta ya mutu tun ban san Legas ba.
Baba Barau mai albasa a gaba, ni a baya,
daga Mile 12 mu faɗa danfo,
kwandasta na ihu, gwiwar wani a haƙarƙarina.

Asabar ɗin ƙarshen wata: bana Agege,
wata mai zuwa Idi-Araba, na bayansa Ijora.
Zauren aro, bencin aro, fanka mai tari.
Ga Iya Modinatu ta Ketu, ɗaurinta ya kusa taɓa silin,
ga Chidubem na Ladipo, baƙin mai har ƙarƙashin farce,
ga wakilin mahautan Oko-Oba yana fasa goro huɗu
don ya ishi mutum bakwai.
Kowa ya zo da unguwarsa a baki.

Na ce, "Baba, me muke samu a nan?
Kuɗin motarmu ya cinye ribar rabin buhu."
Bai dube ni ba. Ya ce, "Gambo, rubuta."
Na rubuta wa ke da injin zuƙe ruwa,
wa ke da ƙane lauya,
wa injiniyan ƙaramar hukuma ke jin nauyi,
wa ke fushi da wuri, wa ake bi ta wajen matarsa.
Shekara biyu bakina a rufe, biro na tafiya.

Sai ruwan Yuni ya kwana uku bai ɗauke ba.
Kwata ta toshe bayan layin 'yan tumatir,
kwanduna suka tashi suna iyo kamar agwagi.
Baba kuwa na gadon asibiti, jini ya hau.
Jama'a suka cika bakin rumfa tsamo-tsamo,
ba ni suke kallo ba,
jakar.

Na buɗe, shafi na manne wa yatsa.
Kiran farko na kwafsa, na fara da buƙata.
Iya ta ce, "Yaro, a garinku ba a gaisuwa?"
Na kashe, na haɗiye yawu, na sake kira,
na tambayi ƙafarta, na tambayi jikoki.
Kafin azahar injiniya na tsaye cikin ruwa, takalmi a hannu.
Chidubem ya turo inji biyu a a-kori-kura,
samarin Agege goma sha tara, shebur a kafaɗa.
Da ɗayansu da namu suka cakumi kwalar juna
kan inda za a zuba laka,
muryata ce ta raba su. Ni kaina na waiga
in ga wa ya yi magana.

Ba duka muka ceto ba.
Kwando arba'in ya ruɓe, warinsa har titi,
Lantana mai attaruhu ta zauna kan dutse ta yi kukanta.
A zama na gaba hula ta zaga,
abin da ya taru bai kai asara ba,
amma ya kai ta sake saro kaya.

Baba ya dawo, riga ta yi masa yawa.
Na miƙa jaka da hannu biyu.
Ya ce, "Kafaɗata ta gaji.
Kai ma kar ka rataya, nemo mai riƙe maka."

Yanzu Balaraba ce, 'yar mai shayin bakin gada,
aji biyar, lissafinta ya fi nawa sauri.
Tana bina cikin danfo tana ƙorafin zafi.
Jiya a Ijora ta raɗa mini,
"Wai me ake samu a wannan dogon surutu?"
Na ji dariya ta taso, na danne ta da goro.
Na ce ta rubuta.
Ta ce ta riga ta kwashe lambobin cikin waya,
zif ɗin ma ta kai wa shumeka ya gyara,
in ba ta ɗari biyar ɗinta.