Ƙwai Ɗari Uku da Arba'in

Daren Talata, ruwa na dukan kwano,
jiragen kamun kifi duk a ɗaure a gaɓar Kuala Besut.
Na juya takardar kuɗin wuta, na lashi bakin fensir,
na rubuta: baƙi ɗari uku da arba'in.

A garinmu ba a sallamar baƙon biki hannu rabbana.
Ƙwai ɗaya dafaffe, a ɗan ƙyalle mai raga,
a rataye jikin furen takarda mai ƙafar waya,
shi ne godiyarmu, shi ne fatan zuri'a.
Abu kaɗan, ka ce.
Ninka shi ɗari uku da arba'in ka sha kallo.

Kiret goma sha biyu, har da rabon fashewa,
ringgit ɗari da sittin da takwas.
Ƙyalle da zare, sittin.
Fure kuwa ɗaya da rabi kowanne,
ɗari biyar da goma, ba ragi, in ji mai kanti.
Ni kuma bayan shinkafa, bayan saniya, bayan rumfa,
ɗari huɗu suka rage a gwangwanin madara,
suna kallona ina kallonsu.

Hasnida ta ce, "Baba, a bar furen, a raba alewa."
Gwaggonta Maznah ta ajiye wuƙar albasa:
"Alewa? A bikin 'yar Rokiah?"
Daga nan babu wanda ya ƙara tari.

Sai na ce bari in rage mutane.
Fensir ya sauka kan Deraman,
wanda ya jawo jirgina ranar da inji ya mutu a tsakiyar teku.
Na ɗaga.
Ya sauka kan unguwarzomar da ta yanke cibiyar amarya.
Na ɗaga.
Har asuba ta yi ban soke kowa ba,
sai wani mutum da na rubuta sau biyu,
shi ma na maye gurbinsa da direban motar ƙanƙara.

Littafin banki na hau nema a saman kabad,
ko da wani abu ya maƙale a ciki.
Hannuna ya ci karo da kwalin fanka.
Na san shi. Na sha yi mata faɗa a kansa:
"Rokiah, wannan tarkacen fa?"
Shekara ashirin da bakwai, duk bikin da muka je,
ni nake cinye ƙwan a hanya,
ita ta riƙe furen har gida.

Ja, ruwan hoda, rawaya da ta koɗe,
kowanne da 'yar takarda a ƙafarsa,
sunan gida da shekara, da ƙananan baƙaƙenta masu karkata.
Muka zauna a tabarma muna ƙirga,
Maznah na miƙe waya, Hasnida na hure ƙura,
ba mai duban idon wani.
Ɗari biyu da talatin da ɗaya.

Na koma kan takardar wuta.
Saura ɗari da tara a saya.
Na haɗa, na sake haɗawa, don ban yarda da kaina ba:
ringgit takwas da rabi suka yi rara.

Ranar Asabar rana ta fito.
Furanninmu ba su dace da juna ba, kowa ya gani.
Wata tsohuwa daga Jerteh ta juya nata mai ruwan ƙasa,
ta karanta takardar, ta sake karantawa,
ta ce, "Wannan ai na bikin ɗana ne."
Ta riƙe hannuna ta daɗe,
har layi ya taru a bayanta.

Da dare, bayan an kwashe kujeru,
na tarar da guda ɗaya sabo a ƙarƙashin tebur.
Na ɓare ƙwan na ci a tsaye, ba gishiri.
Na rubuta sunan gidanmu da shekara,
rubutuna bai kai nata kyau ba,
na sa furen a kwali, na mayar saman kabad.