Gawo Ɗaya, Ƙofa Huɗu

Gawon da ke kan iyakar gonarmu, hanyar Mirriya,
shi ya cinye mini takalmi biyu a Damagaram.

Mai gari ya ce a kira tsofaffi.
Nomau ya dogara sanda, ya nuna inda gamba ta tsaya
tun shekarar fara.
Al'ada ke nan: ba ta da takarda,
tana da tari, tana da mantuwa.

Malam Kyari na Birni ya share yashi da tafin hannu,
ya raba gadon babanmu.
Tumuni ga Inna, namiji biyu, mace ɗaya.
Lissafi ya fita sarai,
amma gawo bai shiga alƙalami ba.

A jastis wani yaro mai baƙar riga
ya ce, ina takardar fili? Ina tambur?
Tafinta ya juye maganata cikin Faransanci,
na ji ta fito kamar ba ni na haife ta ba.

Ran Alhamis, tsakiyar kasuwar Dole,
Tanimu ya kira ni ɓarawon inuwa,
hannuna ya riga hankalina.
Nan na koyi ta huɗu.
Ta gona tsakanina da shi ce, in mun so mu yafe;
ta mari kuwa, gwamnati ta ce ita aka mara.
Kwana tara a kaso, sauro ne lauyana.

Ran da na fito na bi ta gona.
Gawo na zubar da ƴaƴa gabas da yamma,
awakina da na Tanimu sun haɗa kai suna ci.
Ban kore su ba.
Gobe ma ina da sammaci.