Biyar Saura Kwata

Biyar saura kwata, kullum,
kafin ladanin unguwarmu ya gyara murya,
wayata takan yi tari a ƙarƙashin matashi.
Farashin albasa ne: Galmi kaza, Tamaske kaza,
buhu a Tawa ya hau ko ya sauka.

Arzika ne ya ɗora mata wannan alkawari.
Dare uku yana zaure, kwamfuta bisa gwiwa,
shayi ya huce, sauro na cin ƙafarsa.
Ya ce, Baba, layi ɗaya ne:
minti, awa, sai taurari uku.
Tauraro na nufin kowace rana, kowane wata,
ko ina nan ko ba na nan.
Na ce, yaro, taurari na Allah ne.
Ya yi dariya.

Sai muka ɓata a kan fadamar da ya ce in sayar.
Na faɗi maganar da ba ta komawa baki.
Ya hau motar Yamai, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Damina biyu ke nan.
Bai kira ba, ni ma girma ya riƙe mini hannu.
Amma abin da ya shuka bai san mun yi faɗa ba.
Yakan farka shi kaɗai a wata na'ura da ban san garinta ba,
ya zaga kasuwanni kamar ɗan aike,
ya dawo ya ƙwanƙwasa mini.
Ranar Salla ya zo.
Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ya zo,
da gaisuwa a ƙarshe, da tuntuɓen yatsan mai shi:
Barka da asbua.
Na saba da ita kamar wushiryarsa.

Talatar nan, shiru.
Na yi alwala na dawo, shiru.
Laraba mai gyara na bakin tasha ya ce wayar lafiya lau.
Dillali ya ci ni jaka biyu a buhu, ban ko ja ciniki ba.

Alhamis ta yi tari.
Galmi, Tamaske, Tawa, duk ga su.
Na kai ƙasa na tsaya:
Barka da asuba.

Na'ura ba ta ganin kuskurenta.
Wani ya hana idonsa barci,
ya buɗe, ya karanta, ya mayar da harafi gurbinsa.

Ladan yana kira.
Ina bakin gado, tabarau a hanci,
ina laluben lambarsa.