Kujera Mai Kallon Ƙofa

Goggo Suk-han ta hawo hawa na goma sha tara da ƙafa,
ranar da lif ya ƙi tashi.
Jakar leda a hannu ɗaya, lemu shida a ciki,
a ɗayan kuwa faifan katako mai zobba-zobba,
allurarsa tana makyarkyata kamar mai jin sanyi.

Ba ta gaishe ni ba.
Ta dubi tebur, ta dubi bango, ta dube ni.
"Yiu-tong, wa ya koya maka ba wa ƙofa baya?
Mai irin wannan zama, ɓarawo ya fi shi sanin gidansa."

Na ce, Goggo, ɗakin taku bakwai ne da taku biyar,
a Sham Shui Po ko kyankyaso sai ya karkace yake wucewa.
Lissafin harajin shaguna arba'in nake yi a nan,
na mai gyaran waya, na mai dafa taliya, na mai sayar da maɓallai,
lamba kuwa ba ta san gabas ba, balle yamma.

Ta ce, "Lamba ba ta sani ba.
Ƙeyarka ta sani."

Haka muka shiga jan kaya.
Teburin ya yi ƙara a kan tayil kamar akuyar da za a sayar.
Ta nuna gungumen siminti da ya gitta saman kaina:
"Shekara biyu yana zaune a wuyanka,
kai kana ta zagin matashi."
Ta sauke madubi, ta kife shi.
Tsiron ƙaya da na saya don ba ya neman ruwa,
ta miƙa shi waje da yatsu biyu.
Kwalayen rasit na ƙarƙashin tebur ta shure su:
"Ruwan da ba ya gudu, sauro yake haifa."

Feng shui, in ji ta, iska ne da ruwa, ba wani abu ba.
Gida ma numfashi yake yi,
kai ka cusa masa tsumma a hanci.

Ta taga, kusurwar benen maƙwabta
ta auno ni kamar tsinin mashi.
Ta tare ta da tukunyar ganye mai faɗi.
Kifi uku a kwalba, biyu ja, ɗaya baƙi,
ta ajiye inda allura ta yarda.
Ta ɓare lemu, ta cinye, ta bar mini ɓawo, ta tafi.

Na zauna. Bango a bayana, dutse ke nan in ji ta.
Ƙofa a gabana. Ni dai ban ji komai ba
sai wayar caja da ta daina kaiwa.

Ƙarfe huɗu,
ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu.
Rabin fuska. Ido ɗaya. Gefen takarda mai zanen jirgin ruwa.
Hiu-lam, 'yata, shekara biyar.
Da idonmu ya haɗu sai ta daskare,
kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

Uwarta daga kicin, ba ta ko ɗago ba:
"Kullum ƙarfe huɗu nan take tsayawa.
Takan ƙirga ashirin, sai ta koma."

Kullum.
Ni ina can ina bin bashin kwabo a jadawali,
ƙeyata ce take karɓar baƙuwa.

Arziki dai bai shigo ba tukuna.
Mai taliya har yau bai biya ni ba,
baƙin kifin ya mutu ran Talata,
Goggo ta ce a waya masifata ya ɗauke, in sayo wani.
Wuyana ma yana nan da ciwonsa.

Amma yanzu ƙarfe huɗu saura kaɗan
nakan rufe jadawali, in ture kofin shayi gefe,
in share wa jirgin ruwa wuri a kan tebur.
Jiya ba ta ƙirga ba.
Turo ƙofar kawai ta yi.